Sanarwar Matafiya

A shekarar da ɓarayi suka addabi layinmu a Jushi, ni ne magatakardan majami'armu, ni ne kuma mai karanta sanarwa kowace Lahadi. Aikin da nake ci da iyali da shi akawu ne a wani ofis a Samaru. Da safe in hau bas daga Sabon Gari, da yamma in dawo, kuma duk tsawon hanyar dawowa tunanina ɗaya ne, ko zan tarar da ƙofata yadda na bar ta. Ni dama mutum ne mai saurin fargaba. Ko tari yaro ya yi sai na kwana ina juyi, balle a ce ana fasa gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

Ɓarayin nan ba na dare ba ne. Da rana tsaka suke zuwa, lokacin da maza suka tafi shagunansu a unguwar PZ, mata suka tafi kasuwa, yara suna makaranta. Wani lokacin kuma ranar Lahadi da hantsi, sa'ad da kowa yake sujada. Su kwashe talabijin da bidiyo da janareta da akwatunan zannuwa, su fita salin alin. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ba sa kuskuren gida. Duk ƙofar da suka taɓa, masu ita sun yi tafiya, ko biki a kudu, ko jana'iza a ƙauye.

Muka kafa kwamiti. Shugabanmu wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, mai son doka da lamba. Aka sa ƙofar ƙarfe a bakin layi ta gabas da ta yamma. Aka raba wa kowane gida usur. Aka hana rataya kwaɗo a waje, don kwaɗo yana faɗa wa ɓarawo ba kowa a ciki. In za ka yi tafiya, ka bar takalma a bakin ƙofa, maƙwabciya kuma ta riƙa shanya wanki a igiyarka da safe tana kwashewa da yamma. Matata ta yi wa wani gida wannan shanya har sati biyu, zani ɗaya da riguna uku, har rana ta cinye musu launi. Muka kuma ɗauki 'yan sintiri huɗu da gora da tocila, suna ta zagaye da dare suna tsare mu daga ɓarayin da ke barci a gidajensu. Duk da haka aka ci gaba da fasa gidaje.

Daga nan ido ya koma kan mai walda.

Shagonsa yana tsakiyar layi, daura da gidana. A layin aka haife shi. Mahaifinsa ya zo daga kudu tun zamanin da ake ɗaukar ma'aikatan jirgi, shi kuwa bai san wani gari ba sai nan, Hausarsa ma ta fi tawa daɗi. Ya girme ni da kamar shekara goma. Kusan duk ƙofar ƙarfe da ƙarafen taga da ke layin aikin hannunsa ne, har da manyan ƙofofin nan biyu da muka sa. Tun da matarsa ta rasu ya daina zuwa majami'a, kuma ba ya son a tambaye shi dalili. Ranar Lahadi da safe ya fi aiki, domin a lokacin ne wuta take zuwa da ƙarfi, injinan kasuwa duk a kashe. Saboda haka duk Lahadin da aka yi sata, shi kaɗai ne babban mutum a layin, fuskarsa a cikin baƙin gilashi, ƙarar inji ta cika masa kunne.

Abin da ya ƙara jawo masa shi ne bakinsa. Ɓarayin ba sa taɓa makulli, ta gefen da ƙofa take maƙale da bango suke ɓalle ta. Da aka kira shi ya duba ƙofar wata gwauruwa mai ɗinki, wadda aka kwashe mata kekuna biyu da yadukan mutane na Kirsimeti, sai ya tsuguna ya duba ya ce ai ya faɗa mata tun farko ƙarfen da ta zaɓa ba shi da kauri, duka biyu da guduma ya isa a cire shi. Gaskiya ya faɗa. Amma matar tana kuka, mutane suna tsaye, kuma abin da ya shiga kunnensu shi ne mutumin nan ya san duka nawa kowace ƙofa take bukata. Kafin yamma maganar ta zagaye layi.

Matasa suka so a yi masa na jaki a ranar. Shugaba ya hana, ya ce mu ba 'yan tasha ba ne, za a bi tsari. Tsarin da ya kawo shi ne gwaji na wata biyu. Mai walda zai rufe shago duk Lahadi, 'yan sintiri biyu za su koma aikin rana su zauna daura da shagonsa, duk inda ya nufa suna biye. In an ci gaba da sata, ya fita zargi, a ba shi haƙuri a gaban kowa. In sata ta tsaya, to an gane, ya tattara ya bar layin. Ni na rubuta wannan da hannuna a littafin kwamiti, don duk inda ake rubutu ni ake kira. Mai walda yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce ya yarda, tunda ya san ba shi ba ne, ɓarayin da kansu za su wanke shi.

Yanzu sai in faɗi nawa. Shekara biyu kafin wannan, ni na tsaya kai da fata sai da aka ɗora lasifika a kan rufin majami'armu. Majami'un da ke kewaye da mu duk suna da ita, tasu muryar tana shigo mana ta taga tana danne wa'azinmu, ni kuwa abin yana ci mini rai. Dattawa suka yi ta ja, na yi ta nacewa, har aka sayo babba aka juya bakinta wajen titi. Kuma ina da murya, ba yabon kai ba, ina kuma jin daɗin jin ta. Wanda na gada a aikin sanarwa yakan ce kawai a yi wa matafiya addu'a. Ni na ga wannan ragwanci ne. Na ce addu'a tana son bayani. Sai na riƙa faɗin iyalin wane, na layi kaza, gida mai jan ƙofa, sun tafi ranar kaza, dukansu har da yara, ana sa ran dawowarsu ranar kaza. Mutane suka so abin ƙwarai. In mutum zai yi tafiya har gida yake biyo ni da 'yar takarda, wani ma ya yi fushi in na manta ranar dawowarsa.

Lahadin farko ta gwajin, shugaban ofishinmu ya aiko tun da sassafe cewa yana neman wani fayil da makullinsa yake hannuna. Na bar wa mataimakina littafin sanarwa na tafi Samaru ina tsaki. A dawowa na hau acaɓa don in sami ko ƙarshen sujada, sai tayar ta yi faci a bakin babban titi, da ɗan nisa da unguwarmu. Na tsaya a rumfar mai shayi ina jira. Wurin cike yake da mutane, 'yan acaɓa, masu jiran mota, masu turin baro, da waɗanda ban san abin da suke jira ba.

Sai na ji muryar mataimakina daga sama, tangaram, kamar yana tsaye a bayana. Yana karanta abin da na rubuta da daren jiya. Iyalin mai kemis na layi na uku sun tafi gida ɗaurin aure, su duka, sai bayan sati biyu, a tuna da su cikin addu'a. Ban taɓa jin sanarwata daga waje ba. Kullum ina ciki, ina kallon fuskokin da na sani, na ɗauka da su nake magana.

Mai shayi ya gane ni. Ya yi dariya yana juya cokali.

“A'a, Magatakarda, yau kai ne a waje? Wannan yaron naka bai iya ba, yana cinye magana. Kai ne kake faɗi dalla-dalla. Mu nan ko ba mu shiga coci ba mun san wanda ya yi tafiya da ranar da zai dawo.”

Na yi masa yaƙe. Na dubi mutanen da ke kan benci ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi kama da ɓarawo, kuma ba wanda zan iya rantsewa ba shi ba ne.

Ban ƙarasa majami'a ba. Da mataimakina ya kawo littafin da rana, na shige ɗaki na rufe, na ɗora shi kusa da littafin kwamiti inda na rubuta gidajen da aka fasa. Na bi su ɗaya ɗaya da yatsa. Ban da gida guda, kowane gidan da aka shiga na karanta tafiyar masu shi a Lahadin da ta gabata. Gidajen da ba 'yan majami'armu ba, su ma sun yi tafiye-tafiye a shekarar, ba wanda aka taɓa. Wannan abu yana gabanmu wata da watanni, ba wanda ya lura, don wa zai zargi addu'a?

Da yamma na je na roƙi ƙanen mai kemis ya koma gidan yayansa da kwana da wuni, na ce haka kawai jikina yake ba ni. Daga nan na zauna da abin da ya rage. In na ci gaba da karantawa, za a fasa gidan wani, mai walda ya fita zargi. In na daina a ɓoye, sata za ta tsaya, a ce shi ne. In na fito na faɗa, ni ne a tsakiyar fili. Na taɓa ganin abin da taro ya yi wa wani da aka yi wa ihun ɓarawo kusa da tasha, ban kuwa manta ba. Matasan layinmu kuma suna ta faɗi cewa mai ba ɓarawo labari ya fi ɓarawo laifi. Wa zai tsaya ya bambance mai ba da labari da gangan da mai bayarwa da wauta? Sannan ga gwauruwa mai ɗinki, wadda har lokacin masu yadi suke zuwa ƙofarta suna zaginta. Da wane ido zan kalle ta?

Na zaɓi hanyar matsorata. Na je wurin fasto na ce sanarwa tana yin tsawo, tsofaffi suna gajiya, yara suna kukan yunwa, gara mu koma yi wa dukan matafiya addu'a a dunƙule. Ya yi murna, ya ce dama yana jin nauyin faɗa mini. Lahadi mai zuwa aka tashi da wuri, mutane har suna gode mini a bakin ƙofa. Na gaya wa kaina cewa ɓarayi za su sami wata hanya, su fasa ko gida ɗaya ne, shi ke nan kowa ya huta. Kunyar wannan tunani tana tare da ni har yau. Ina komawa gida daga Samaru ina fatan in ji an yi wa wani sata.

Ba a yi ba. Sati ɗaya, sati biyu, sati huɗu, ko cokali bai ɓata ba. Layi ya fara sakin jiki. Mata suna wucewa ta gaban shagon mai walda suna tofar da yawu. Aka daina kawo masa aiki, wanda ya ba da ƙarfe ma ya zo ya karɓe abinsa. Da safe in fito in gan shi zaune a kan benci, hannu a haɓa, 'yan sintiri biyu suna daura da shi suna cin gyaɗa. Yana gaishe ni kamar kullum. Wata rana ya tare ni ya ce, Malam, kai mai rubutu ne, saura kwana nawa? Na faɗa masa. Ya girgiza kai ya ce abin ya ɗaure masa kai, kamar ɓarayin nan sun haɗa baki da masu son korarsa. Na ce Allah zai bayyana gaskiya, na wuce da sauri don kada bas ta tafi ta bar ni, alhali ba wata bas da ke jirana.

Na daina cin abinci sosai. A ofis na buga takarda ɗaya sau uku ina kuskure. Matata ta zuba mini ido kwana da kwanaki, sai wata Asabar da rana, tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta ce in zauna. Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai ajiye faifan.

“Baban yara, ranar da na haifi na biyu kana Samaru. Wa ya ture kayansa daga baro ya kai ni bakin titi? Mutumin nan ne. Kai kana tsoron a zage ka, shi kuwa ana shirin raba shi da layin da aka binne cibiyarsa. Gobe ka faɗa. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa a zumuntar mata, kuma ka san yadda maganarmu take tafiya.”

Ban faɗa a goben ba. Na ce mata sai taron kwamiti, don a yi abu bisa tsari, taron kuwa saura kwana goma sha biyu. Gaskiyar ita ce kwana goma sha biyun nake so. Ta yi mini wani kallo, ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.

Ranar taro aka cika ajin makarantar firamare da muke aro. Mai walda bai zo ba. Shugaba ya miƙe ya ce wata biyu sun cika, layi lafiya lau, kowa ya ga sakamako da idonsa. Aka fara tafi. Na tashi da littattafaina biyu, muryar nan da nake taƙama da ita ta koma kamar ta mai mura. Na karanta ranar sanarwa, na karanta ranar sata, gida bayan gida. Na faɗi abin da mai shayi ya ce. Na ce ni na daina karanta sunaye, shi ya sa sata ta tsaya, ba don an tsare kowa ba.

Abin da na yi wata biyu ina tsoro bai faru ba. Ba wanda ya taɓa ni. Sai wani ya fashe da dariya ya ce ashe mu muke aika wa ɓarayi goron gayyata. Gwauruwa mai ɗinki ta dube ni ta ce Allah ya isa, a hankali, ta ɗauki gyalenta ta fita. Wasu suka ce wannan bai wanke mai walda ba, ai shi ma yana jin lasifika. Wasu suka ce an zalunce shi. Aka yi ta musu har aka koma Turancin kasuwa, kowa yana nuna wani da yatsa. A ƙarshe shugaba ya buga tebur ya ce a soke hukuncin, a tura mutum uku su ba shi haƙuri. Sai mai gidan da shagon yake ciki ya ɗaga hannu ya ce a yi haƙuri, shi tun kwana goma da suka wuce ya ba mai walda takardar tashi, ya kuma riga ya yi wa wani mai gyaran rediyo alkawarin shagon. Kwana goman nan suna cikin waɗanda na roƙa wa kaina.

Mutum ukun da aka zaɓa suka ce sai ranar Lahadi bayan sujada. Ni ban iya jira ba. Washegari ban je Samaru ba, na tsallaka titi da hantsi. Akori-kura tana tsaye a gaban shagon, an riga an ɗora injin walda da gado da tukwane. Shi kaɗai yake loda sauran ƙarafa. Ya ce ya sami wani ɗan wuri a Dogarawa, can ba wanda ya san shi, ko da yake labari yana da ƙafa. Na ce, Oga, ka dakata, an soke maganar, na faɗi gaskiya jiya. Ya ce ya ji, tun da safe wani ya zo ya ba shi labari.

Na fara bayani, lasifika da littafi da mai shayi. Ya saurare ni yana naɗe wata doguwar waya a gwiwar hannunsa, bai katse ni ba. Da na gama ya ce shi bai ga laifina a kan lasifika ba, kowa yana kuskure, shi ma ya taɓa yi wa mutane ƙofa da ƙarfe mara kauri don sun matsa. Na ji wani sanyi ya fara sauko mini. Sai ya ajiye wayar a cikin mota ya juyo.

“Abu ɗaya zan tambaye ka, Malam. Yaushe ka gane?”

Na so in ce jiya. Na so in ce satin da ya wuce. Ba wanda zai ƙaryata ni sai matata.

“Tun Lahadin farko,” na ce.

Ya dube ni. Na ga yana lissafi a zuciyarsa, yana komawa baya safiya bayan safiya.

“To ranar da na tare ka na tambaye ka saura kwana nawa, ka sani ke nan.”

“Na sani.”

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya zai ɗauki wani dogon ƙarfe mai nauyi, na yi maza na kama ɗaya gefen don in taya shi.

“Bari, Malam,” ya ce. “Zai ɓata maka riga.”

Na saki. Ya ɗaga shi shi kaɗai ya ɗora a mota.